Jimlar da Nura Bai Ƙarasa Ba

Alhamis, 3 ga Oktoba, bayan magariba

Nura ya kawo mini Zinariya. Bari in sake rubutawa in gani da idona: Nura ya kawo mini Zinariya. Ga ta nan kan tabarmata tana cin gyaɗa tana watsa mini ɓawo a tsakar ɗaki, na ƙyale ta.

Tun da uwarta ta rasu nake bin yaron nan ya ba ni riƙonta. Ƙanena ne, ni na goya shi bayan rasuwar Inna, amma a kan 'yar nan sai ka rantse ni bare ce. Mutum direban babbar mota, yau Damagaram gobe Agadas, yana barin yarinya 'yar shekara shida a hannun maƙwabta a Maigatari, ni kuwa ga ni a Gumel da ɗakuna uku, daga ni sai maigidana Malam Sha'aibu sai kaji. Allah bai ba mu haihuwa ba, kowa ya sani. In na ɗauko maganar sai ya haɗe rai ya ce, "Yaya Lauratu, sai dai bayan raina." Yau ina dawowa daga makaranta na tarar da su a zaure, shi da ita da wata ƙatuwar jakar bakko. Wai mako ɗaya zai yi, sun yi lodi a kasuwa, gobe da sassafe za su ƙetara.

Ya rame. Na gaya masa, ya ce azumin Litinin da Alhamis yake yi. Nura da azumin nafila! Na ce to Allah ya sa da gaske ne.

Da zai tafi, Zinariya ta riƙe bakin zanena, ko kallonsa ba ta yi ba, hankalinta na kan 'yan tsaki. Ya tsaya yana dubanta, sai ya juya harshe, kamar yadda muka saba in ba ma son yaro ya ji. Ya ce, "She loves you more than me."

Shekara ashirin da 'yan kai ina koyar da Turanci, bakina ya riga ni. Na ce, "Ƙarasa jimlar." Abin da nake ce wa 'yan ajina ke nan kullum, har sun laƙaba mini Malama Ƙarasa, suna zaton ban sani ba. Ya yi dariya har ta sarƙe shi da tari, ya ce, "In na dawo, Malama." Na bi shi da ƙullin dambun nama, ya karɓa ya tafi.

Litinin, 7 ga Oktoba, an fita tara

Kamar haɗin baki, darasin makon nan kwatanci ne, yadda ake rufe jimla bayan "than". Duk shekara sai mun yi wannan faɗan da 'yan aji biyar. Na rubuta musu "Anas is taller than I", aji ya ɗauki gunaguni. Sumayya, mai bakin nan, ta ɗaga hannu: "Malama, ai kowa 'than me' yake cewa, har Turawan a fim." Na ce kowa ne zai zauna miki jarrabawa? Ƙarasa jimlar ki ji da kunnenki, "than I am" ne ko "than me am"? Aka kwashe da dariya, ta zauna tana tura baki.

Sai na kai su inda abin yake cizo. In na ce "Kyauta likes Sumayya more than I", cewa na yi Kyauta ta fi ni son Sumayya. In na ce "more than me", cewa na yi Kyauta ta fi son Sumayya a kaina. 'Yar kalma ɗaya, amma a ta farko ni mai so ce, a ta biyu ni ce wadda aka bari a baya. Na ce musu ku gode wa Allah da Hausa, ita ba ta ba mutum wurin ɓuya, dole ka fito fili ka faɗi wa ya fi wa. Turanci ne yake barin ka haɗiye rabin magana ka tafi da ita a cikinka.

Ina goge allo maganar Nura ta faɗo mini. A ƙa'ida, cewa ya yi yarinyar ta fi so na a kansa. Amma wace ƙa'ida ga mutumin da ya gudu daga makaranta a aji uku ya bi mota? Turancin tasha gare shi, komai "me" ne. Tsokana ce kawai: ta fi ni son ki, wato shi bai damu da ni ba. Ɗan banza. Zai dawo ya same ni.

Alhamis, 10 ga Oktoba, da yamma

Ran Asabar ya kira daga Damagaram. Ya daɗe yana magana da Zinariya, ni kuwa gaisuwa kawai na samu. Tun daga ranar waya a kashe. Malam ya ce can gaba da Tanut ba a samun sabis, in daina tayar wa kaina hankali. Wa ya ce masa na tayar? Na sa yarinyar a Islamiyyar layinmu, na ɗinka mata hijabi ruwan toka, ya yi mata kyau ƙwarai.

Asabar, 12 ga Oktoba, da azahar

Waya a kashe.

Lahadi, 13 ga Oktoba, da hantsi

Sai yau na zazzage jakar bakkon gaba ɗaya, da na sama-sama nake ɗiba. Kayan sallarta duka biyun. Rigar sanyi, a wannan zafin na kaka. 'Yan kunnen uwarta a ƙulle cikin hankici. Can ƙasa kuma sababbin takalma har ƙafa biyu. Na gwada mata, ɗaya ya yi mata yawa kaɗan, ɗayan kuwa sai ta kai shekara tara ko goma za ta cika shi.

Wa yake saya wa yarinya takalmin 'yar shekara goma don tafiyar mako ɗaya?

Na mayar da komai, na zuge jakar, na tura ta ƙarƙashin gado. Ban nuna wa Malam ba. Tuwon yau ya kama ƙasa, haka ya ci abinsa.

Talata, 15 ga Oktoba, bayan la'asar

Ina shanya na ji muryarsa a bayana. Wallahi tallahi muryarsa na ji, sai da rigar Malam ta faɗi daga hannuna. Na juya, ashe Zinariya ce a gindin darbejiya tana wasa da 'yar tsana, tana rera mata: "Shi lobs yu mo dan mi, shi lobs yu mo dan mi." Ba ta san ko harafi ɗaya na Turanci ba, amma ta ɗauke shi cif, yadda ya ja "mo" ɗin, yadda ya sauke murya a ƙarshe. Har da tarin. Tana gama jimlar sai ta yi ɗan tari sau biyu, don ita a wurinta yana cikin maganar.

Na ce ta daina. Ta ce, "Gwaggo, me Abba ya ce miki ran nan?"

Na ce, "Turanci ne, sai kin girma."

Ta ce, "Ke ba malamar Turanci ba ce?"

Na kore ta ta je ta wanke ƙafa. To me zan ce mata? In dai da Hausa zan faɗa, dole in zaɓi ɗaya. Ko ubanta ya tsokane ni ne ya tafi aiki, ko kuwa ya miƙa mini ita ne. Ba ni da jimlar Hausa da za ta ɗauki duka biyun in ɓuya a bayanta.

Alhamis, 17 ga Oktoba, bayan magariba

Daga makaranta ban biya gida ba, na hau motar Maigatari. Ranar kasuwa ce, shanu da raƙuma da 'yan acaɓa kamar su bi ta kan mutum. Ina shiga tashar manyan motoci na hango motarsa. Na san ta, ga jelar saniyar nan da ya rataya a madubi. Wani mutum daban ne a kujerarsa yana cin rake.

Na tambayi Nura, suka ce wane Nuran? Wani ya ce, "Ɗan A'i take nufi." Na ce uwarmu Hauwa sunanta, ba A'i ba, kar a raina mini hankali. Suka dubi juna, aka je aka kira mini Barau, abokin tuƙinsa, dattijo mai furfura a gemu.

Ya gaishe ni da ladabi, ya ce, "Malama, lafiya ƙalau muka sauke kaya. A hanyar dawowa, kafin mu shiga Damagaram, ya ce in karɓi tuƙi. Da muka iso wata mararraba sai ya sauka da 'yar jakarsa, ya ce yana da uzuri a wani gari, in wuce zai biyo ni."

Wane gari? Bai faɗa ba. Wane uzuri? Bai faɗa ba. Duk maganar nan Barau ƙafarsa yake kallo. Raina ya ɓaci, na ce kun sauke mutum a bakin titi kamar buhun gawayi kun dawo kuna cin rake? Ya ce, "Malama, ki yi haƙuri, babba ne, ba yaro ba." Na ce a wurinka ke nan.

Na dawo a motar da ta cika da buhunan zoɓo, ina ta ƙirga itatuwan hanya don kar in yi kuka a gaban mutane.

Juma'a, 18 ga Oktoba, da safe

Waya a kashe. Na ce wa Zinariya motar Abba ta lalace, ana gyara.

Litinin, 21 ga Oktoba, bayan an tashi

Na tare Madam Theresa a ofishin malamai bayan kowa ya watse. 'Yar Filato ce, tare muke koyar da Turanci tun ina amarya, Hausarta ta fi ta wasu 'yan garin nan. Na rubuta mata jimlar a bayan hannuna, na tambaye ta kamar maganar jarrabawa ce.

Ta ce, "Lauratu, ke kaɗai kika rage kina wannan yaƙin. A takarda, gaskiyarki, 'me' na nufin ta fi son ki a kansa. Amma a baki mutane sun daɗe da haɗe su, har manyan ƙamus sun sallama. Mai cewa 'than me' zai iya nufin ko wanne. Sai dai ki tambayi wanda ya faɗa."

Sai dai in tambayi wanda ya faɗa. Ban san lokacin da na kifa kai a kan tebur ba. Na gaya mata komai, har takalman.

Ta juya zobenta. Mijinta Moses yana da kemis a Maigatari. Ta ce, "Ban sani ba ko ya kamata in faɗa, Allah ya yafe mini. Tun farkon damina ƙanenki yake zuwa shagon da takardar asibiti." Ta faɗi sunan maganin. Ba zan rubuta shi a nan ba. Na tambaye ta na mene ne, ta ce ba na warkewa ba ne, na rage zafi ne.

Azumin Litinin da Alhamis. Ni kuma na ce Allah ya sa da gaske ne.

Laraba, 23 ga Oktoba, da azahar

Bita muke yi. Na ɗauki alli zan rubuta misalin Anas da tsawonsa. Ban san iya lokacin da na ɗauka a tsaye ba, sai dai na ji aji ya yi tsit, irin tsit ɗin da 'yan aji biyar ba su taɓa yi ba. Na ɗaga kai na ga abin da hannuna ya rubuta: "She loves you more than". Allin yana manne a allo, ya ƙi gaba ya ƙi baya.

Sumayya ce ta yi magana, a hankali, ba da tsiwa ba: "Malama, ƙarasa."

Ba wanda ya yi dariya. Na ajiye allin na fita, na bar jakata a kan tebur, ita ta kawo mini gida.

Alhamis, 24 ga Oktoba, bayan la'asar

Ban taɓa roƙon Allah ya sa wani ya yi kuskuren nahawu ba sai yanzu. Rabin rayuwata na ƙarar da jan biro a hannu ina farautar kuskure, yau ga ni a kan sallaya ina cewa ya Allah ka sa Nura bai iya ba. Ka sa jahilci ne. Ka sa Turancin tasha ne.

Kuma ina da hujja. Lokacin yana aji biyu ni nake masa bita a tsakar gidanmu na Gagarawa, ina tuƙa tuwo yana zaune a kan turmi, in ya ce "than me" in ɗaga muciya. Ba abin da ya shiga kansa. Sifili ya ci a Turanci shekarar nan, na tuna sarai, don har kuka na yi shi yana dariya. Mutumin da ya ci sifili ba zai zo bayan shekara ashirin ya tsaya a zaurena ya zaɓi wakilin suna daidai ba. Ba zai yiwu ba.

Tsokana ce. Ciwo kuma kowa na yi ya warke. Takalma wataƙila araha ya samu.

Asabar, 26 ga Oktoba, da hantsi

In zai wuce ta Gumel yana da hon ɗinsa, gajeru biyu, dogo ɗaya, don in san shi ne. Yau aka yi shi a bakin titi. Zinariya ta zubar da kokonta ta fita a guje ba takalmi, ni ma na bi ta ba mayafi, ni da ban taɓa leƙa ƙofar gida haka ba. Motar riɗi ce daga Gagarawa, akuya ta tare mata hanya.

Muka dawo ba wanda ya kalli wani. Ta zauna ta ɗauki 'yar tsanarta ta fara waƙar nan. Wannan karon ban hana ta ba, na tsaya a bayan ƙyaure ina saurare har tarin.

Lahadi, 27 ga Oktoba, da yamma

Malam ya je har Sule Tankarkar wurin wani direba da aka ce ya ga Nura. Ashe wani Nuran ne, mai gyaran taya.

Akwai abin da yake cin raina tun jiya, bari in sauke shi a nan ko na samu in numfasa. Shekara nawa ina ɗaga hannu bayan kowace salla ina cewa, ya Allah ka ba ni yarinyar nan. Iyakar abin da nake faɗa ke nan. Ka ba ni ita. Ban taɓa cewa ka ba ni ita ubanta na raye yana zuwa yana ganinta ba. Ni Malama Ƙarasa, ban ƙarasa tawa ba. Shi kuwa ya sha gaya mini sharaɗinsa a fuskata, sai dai bayan ransa.

Na gaya wa Malam, ya ce in yi istigfari, Allah ba ɗan ajina ba ne da zai kama ni da rabin jimla, ya san abin da ke zuciya. Na san gaskiya ya faɗa. Amma in na ga yarinyar tana barcin rana a kan gadona sai in kasa kallonta.

Talata, 29 ga Oktoba, bayan la'asar

Barau ya zo gida. Ya zauna a zaure da Malam, na kawo ruwa na tsaya daga bakin ƙofa. Ya ce tun ranar da na je tasha bai samu sukuni ba, ya ajiye mota, gobe zai koma mararrabar nan ya bi ƙauyukan ɗaya bayan ɗaya. Na roƙe shi gafarar maganar da na gaya masa, ya ce ba komai, shi ma yana da yaya.

Sai ya so ya faranta mini. Ya ce, "Malama, ai ke ba baƙuwa ba ce a motarmu, kullum kina ciki. Kin san dalilin da muke ce masa Ɗan A'i?"

Na ce ban sani ba.

Ya yi murmushi ya ce, "Wani karatu ne da ya ce kin koya masa da muciya. In hanya ta yi tsawo barci na neman ɗaukarmu sai ya fara: dan ai, dan mi, dan ai, dan mi. Ni ba na jin Turanci, amma ya dame ni da shi har na haddace. Wai in ka ce dan ai, kai ne mai son, an fi ka ne kawai. In ka ce dan mi, kai ne aka bari. Ya ce Yayarsa ta ce duk wanda ya haɗa su bai san abin da yake faɗa ba, shi kuwa ko a gaban alƙali ba zai haɗa ba. Daga dan ai ɗin nan ne 'yan tasha suka mayar da shi Ɗan A'i."

Malam ya yi dariya. Barau ya yi dariya. Ni ma ina jin na yi wani abu mai kama da ita, na ɗauki kofin na shiga ciki.

Ashe ya iya. Ashe tun a kan turmi ya iya, sifilin ma don ya ga kukana ne. Ya tsaya a zaurena ya zaɓi kalmarsa da hankalinsa, ya san kuma ni kaɗai ce a duniya zan ji abin da ya ce. Ya gaya mini ƙarara, a yaren da na koya masa. Jimlar a ƙarashe take.

Alhamis, 31 ga Oktoba, da safe

Ban kira wayar ba yau.

Lahadi, 3 ga Nuwamba, da azahar

Na fito da jakar daga ƙarƙashin gado na jera kayanta a cikin durowata. Takalman na sa su a sama, inda ba za ta gani ba tukuna.

Laraba, 6 ga Nuwamba, bayan la'asar

Barau ya dawo. Ya zo da hular Nura.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, da yamma

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Mutanen Gagarawa sun zo mota guda, 'yan tasha ma sun zo. Barau ya ce a gidan wani tsohon abokinsu Nura ya cika, a wani ƙauye gabas da Damagaram, mutanen kirki, sun yi masa duk abin da ya kamata, limaminsu ne ya sallace shi. Ya ce mai gidan ya ce Nura ya hana a kira kowa, wai yarinya ta riga ta ga na uwarta, ya isa. Ban tambayi sauran ba, kuma ba zan tambaya ba.

Malam ne ya gaya wa Zinariya, ni na kasa. Ta tambaye shi ko wurin da Umma take ne, ya ce in sha Allahu. Ta ce to.

Madam Theresa tun jiya take mana girki. 'Yan aji biyar sun zo a jere da hijabansu, Sumayya ta riƙe hannuna ta kasa cewa komai, yarinyar da ba a taɓa rufe mata baki ba.

Asabar, 16 ga Nuwamba, da hantsi

Ina mata kitso a gindin darbejiya, kanta a kan cinyata. Tun ranar ba ta sake yin waƙar ba. Yau sai ta yi ta sau ɗaya, a hankali, ba tarin. Ta ce, "Gwaggo, yanzu na girma?"

Na san abin da take tambaya. Na so in ba ta ɗayar, in ce wasa Abba yake yi, wai kin fi shi so na. Da ta yi dariya an wuce wurin. Amma yaron nan ya riƙe kalma ɗaya shekara ashirin bai haɗa ta da wata ba, ba ni zan haɗa masa ba.

Na ce, "Cewa ya yi kin fi so na a kansa."

Ta fizge kanta har kitson ya warware a hannuna. Ta miƙe tsaye, idonta ya cika, ta ce, "Ƙarya ne! Na fi son Abba!"

Sai kuma ta tsorata da abin da ta faɗa, ta ce, "Gwaggo, kin ji haushi?"

Na ce, "Ko kaɗan. Sake faɗa in ji."

Ta sake faɗa, da ƙarfi, har kaji suka watse. Wallahi tun da Barau ya zo da hular nan ban ji abin da ya sanyaya mini rai kamar wannan ba. Nura, nahawunka daidai ne, maganarka ce kuskure. Ran nan 'yan tsaki kawai take kallo.

Ta goge hanci da bayan hannu ta ce tunda shi da Turanci ya faɗa, ita ma da Turanci za ta ba shi amsa, in koya mata. Na koya mata kalma-kalma, tana maimaitawa, har ta haɗa. Ta tsaya a tsakar gida da rabin kitso, ta dube ni ido cikin ido ta ce, "I love Abba more than you."

Sai da ta faɗa na ji abin da na sa a bakinta. "You" ba ya canza kama, ko kai ne mai so ko kai aka bari, haka yake. Ta fi son shi a kaina, wannan na yarda, na sa hannu. Ko kuwa ta fi ni son shi, ni da na goya shi tun bai iya zama ba?

Bakina ya buɗe da kansa, kalmar ta zo har kan harshena. Na rufe shi.

Na ce, "Daidai ne. Zo in ƙarasa miki kitson."